Amsoshin Tambayoyinku: Tukwanenmu duk kama ɗaya, wace alama za mu sa musu?

Tambaya daga Dadin Kowa, jihar Gombe: "Assalamu alaikum. Mu huɗu ne muke sana'ar nutso a dam da kuma kogin Gongola. Mukan ciro injin ban-ruwa ko kwale-kwalen da ya nutse, wani lokacin a kira mu neman wanda ruwa ya ci. Wani ɗan'uwanmu ya sayo mana tukwanen iskar nutso guda shida na hannu daga Legas, kowa ya biya kuɗin nasa. Duk kala ɗaya ne, girma ɗaya. In aka kai ciko aka dawo sai gardama ta tashi. Wani mai walda ya ce zai buga mana sunaye a jikinsu da guduma, mai fenti kuma ya ce mu kawo ya sake musu kala ya gasa. Wanne za mu zaɓa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri, domin shiga ruwa a ɗauko ɗan wani ba ƙaramin aiki ba ne. Amsata ita ce kada ku zaɓi ko ɗaya. Ina roƙonku da girman Allah, kada tukwanen nan su kwana a shagon mai walda ko na mai gasa fenti.

Tukunyar nutso da aka fi samu ta alminiyam ce, mai cin kimanin lita 11, kuma ana matsa mata iska har ba 207 (ba, wato "bar" a Turance, shi ne ma'aunin matsin iska). Tayar ƙaramar mota matsin ba biyu da ɗoriya take ɗauka. Ka ga ke nan abin da kake goyawa a bayanka ya kusa ninka matsin taya sau ɗari. Mai walda zai ce maka ai ga lambobi nan kamfani ya buga a jiki. Gaskiya ne, amma duba inda aka buga su: a kafaɗa, kusa da wuya, inda ƙarfen ya fi kauri. Wurin nan ma kamfanin da ya ƙera da masu gwajin tukunya kaɗai ke da ikon taɓa shi. Gangar jikin tukunyar ba ta kai kafaɗa kauri ba, kuma duk tabon da ƙusa ta bari nan ne tsagewa za ta fara. Mai gwajin da ya san aikinsa yana ganin an sassaƙa suna a gangar jikin tukunya zai ce ta tashi daga aiki. Garin neman gira an rasa ido.

Maganar mai fenti ta fi ba ni tsoro, saboda ɓarnarta ba ta ganuwa. Ƙarfin alminiyam daga wani dahuwa yake da aka yi masa a masana'anta. In zafi ya haura kimanin digiri 175 a ma'aunin Salshiyos, ƙarfin nan ya tafi, ga tukunya tana ƙyalli kamar sabuwa. Murhun gasa fenti yakan kai wannan zafi har ya wuce. An sha samun irin waɗannan tukwane sun fashe a wurin ciko, kuma wanda ke tsaye a kanta a lokacin, galibi ba mai ita ba ne, bawan Allah ne mai yin cikon. Haka kuma kada a kankare tsohon fenti da injin gurza, kada a jiƙa shi da sodar sabulu, don soda tana cin alminiyam.

Abin da za ku saya bai kai kuɗin motar zuwa Gombe da dawowa nauyi ba: alƙalamin fenti, irin wanda masu sayar da kayan gyaran mota ke rubutu da shi a jikin ƙarfe. Maka ta allo ba ta jure ruwa, kada a ɓata kuɗi a kanta. A wanke tukunya, ta bushe, kowa ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da manyan baƙaƙe a wuri biyu. Ɗaya a ƙasan kafaɗa, yadda in an jera su a tsaye za a gani daga sama, ɗaya kusa da gindi, yadda abokin nutsonka zai karanta in yana bayanka a cikin ruwa. In ya goge a sake, ba a yi asarar komai ba. Sannan kowa ya zaɓi kalar tef ɗin lantarki, ja ko shuɗi ko fari, ya naɗa a mariƙin buɗe iska. Sitika ma tana yi, sai dai ruwa kan kwanta a ƙarƙashinta ya ci ƙarfe a ɓoye, don haka a riƙa ɓare ta ana dubawa, kuma kada ta rufe lambobin kafaɗa.

Su waɗannan lambobin su ne shaidarku ta gaskiya. Kama da wane ba ta wane: kowace tukunya tana da lambarta da ba ta haɗa da wata ba. Yau ɗin nan ku zauna ku huɗu, ku ɗauki hoton kafaɗar kowace, ku rubuta lamba da sunan mai ita a littafi ɗaya. Suna yana gogewa, ɓarawo ma zai iya goge shi, amma lambar tana nan.

Tunda na hannu kuka saya, ku karanta sauran abin da ke wurin. Za ku ga wata da shekarar ƙira, da kwanakin gwajin da aka yi mata. A Amurka doka ce a yi wa irin wannan tukunya gwajin matsin ruwa duk shekara 5, masu sana'ar kuma suna cire kan tukunyar su leƙa ciki da fitila duk shekara. In kwanan ƙarshe ya haura shekara 5, a nemi gwaji kafin a sake ciko. In kuka ga sunan Luxfer da shekarar 1988 ko kafin ta, a ajiye ta gefe tukuna. Alminiyam ɗin da kamfanin ya yi amfani da shi a wancan zamani, mai lamba 6351, an san shi da tsagewa a wuya, sai an duba da na'ura ake gane lafiyarsa.

Akwai rubutun da ni a wurina ya fi suna muhimmanci, ba ka kuwa tambaye ni ba. A manna farin tef bayan kowane ciko, a rubuta kwanan wata, da abin da ke ciki, da yawan ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne oksijin. In kun ga tukunya mai ɗamara kore da rawaya, ta iska mai ƙarin oksijin ce, kuma tana da iyakar zurfi: mai kashi 32 ba a wuce mita 34 da ita. Oksijin zalla irin na mai walda kuwa kada ya shiga tukunyarku ko da kyauta ne. Daga an wuce mita 6 yana iya jefa mutum a farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa, kuma in ya haɗu da maiƙo a cikin matsi wuta yake kamawa. Ku kuma lura da inda injin ciko yake jan iska, kada hayaƙin janareta ya bi ta wurin. Kuma kada a shanye tukunya tas, a bar mata ko ba 30 don kada danshi ya shiga.

Tambaya daga wata uwargida a Yelwa, Bauchi: "Na sayi sabuwar tukunyar gas mai kilo 12.5, na ba mai Keke ya kai ciko, aka dawo mini da tsohuwa mai tsatsa. Kowa ya ce ba shi ba ne. In sayi wata? Yaya zan hana a sake musanya mini?"

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kafin komai ki duba wadda aka kawo miki. Shekarar ƙira tana buge a mariƙinta, kuma hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta ce shekara 15 ne wa'adin tukunyar gas, da gwaji duk shekara 5. In ta wuce wa'adi, ko gindinta ya zagwanye da tsatsa, ko kika ga alamar walda a jiki, kada ta shiga kicin ɗinki, sayen wata ya zama dole. In tana da sauran lafiya, ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a bakinta da mahaɗar tiyo. Kumfa ta tashi, tana yoyo. Kada a gwada da ashana.

Wajen saye, sabon fenti ba shi ne sabuwar tukunya ba, akwai masu shafa wa tsofaffi kala su jera a kasuwa. Shekarar za ki karanta, ki kuma karɓi rasit a rubuta lambar tukunya a kai. Alama kuwa irin ta 'yan'uwanmu na Dadin Kowa ce: sunan gida da fenti, manya-manya, gaba da baya, ba guduma ba wuta. Ki ƙara da ɗan kwaɗo ki datse a mariƙi, makullin yana hannunki, mai musanya zai ji nauyin ɗaukar wadda ba ta da shi ya kawo miki.

A mariƙin dai za ki ga haruffan TW da lamba a gefe, wannan nauyinta ne ba gas a ciki. Ki haɗa shi da 12.5, abin da ya bayar shi ya kamata sikeli ya nuna in an cika. Ki rubuta wa ɗan aiken wannan adadin a takarda, ki ce ya tsaya a gaban sikeli har a gama.