Amsa kan rubutun italik da takardar da tawada ba ta nashewa a kanta

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce kin sayi alƙalamin tawada mai faffaɗan baki don ki koyi rubutun italik, wato salon rubutun boko na hannu mai ɗan jingina, mai kauri da siranta a jikin haruffa, amma da kin ɗora shi a kan takarda sai tawadar ta bazu, gefen haruffa ya yi gashi-gashi, bayan shafin ma ya ɓaci. Inda bai ɓaci ba kuma, rubutun ya ƙi yin kama da na waɗanda kike kallo a YouTube. Kina tambaya ko alƙalamin ne ba na kirki ba, ki sake wani. Kada ki sake tukuna. Matsala biyu ce ta haɗe miki, ɗaya ta takarda, ɗaya ta hannu, kuma babu wadda sabon alƙalami zai magance.

Bari mu fara da takardar, tunda ita ta fi ɓata miki rai. Tawadar biro mai kauri ce, da maiƙo a cikinta, shi ya sa ko a bayan kwalin sabulu za ta zauna. Ta alƙalamin tawada kuwa kusan ruwa ce zalla da aka sa wa launi. Ita takarda zare-zaren itace ne aka danne wuri guda, kuma idan ba a sa mata abin da zai hana ta sha ba, irin su sitaci da wasu sinadarai da ake shafa mata a masana'anta, to shanye ruwa za ta yi kamar tsumma. Littattafan rubutun 'yan makaranta da ke cika kasuwa don biro da fensir aka yi su, ba wanda ya damu ya kashe kuɗi wajen wannan shafe. Ga shi bakin alƙalaminki yana da faɗi, yana zubo tawada fiye da siririn baki. Dole ta nashe.

Mutane da yawa lambar nauyi suke dubawa a jikin fakiti, giram 70 ko 80 ko 100, su ɗauka mai nauyi ita ce mai kyau. Ba lallai ba ne. Akwai wata takardar Japan mai suna Tomoe River, giram 52 ce kacal, don rashin kauri har kina hango yatsanki ta bayanta, amma tawada ba ta ratsa ta. Akwai kuma kati mai kauri da zai sha tawada ya baza ta ko'ina. Kauri yana rage inuwar rubutu da ake gani ta baya, wannan gaskiya ne, sai dai shi naso da gashin harafi shafen fuskar takarda ne yake hana su. Ita inuwar ma ni ba ta dame ni ba, muddin tawadar ba ta ɓullo ta ɗaya gefen ba.

Sunayen da za ki yi ta ji a bakin masu wannan sha'awa su ne Rhodia mai giram 80 da Clairefontaine mai giram 90, duka na Faransa, sai Midori MD da Kokuyo Campus na Japan. Duk suna da kyau, ba musu. Amma da yadda kuɗin waje ya koma, ban ga hikimar cika shafin Rhodia da harafin n ɗari biyu ba. Sannan Clairefontaine tana da santsi sosai, hannun da bai zauna ba zamewa yake yi a kanta, tawada kuma takan jima ba ta bushe ba. Mai koyo ya fi buƙatar takardar da ke ɗan riƙe bakin alƙalami, yana jin inda yake tafiya. Ni atisayena a kan takardar fotokwafi nake yi, kuma cikin waɗanda ake samu a shagunanmu Double A, wadda ake kawowa daga Tailan, ta fi yi mini. Duk da haka kada ki sayi rim guda don na faɗa. Ki je wurin masu fotokwafi da alƙalaminki, ki sayi falle ɗaya-ɗaya na duk irin da suke da shi. Ki rubuta layi guda, ki ja zane mai kauri, sannan ki dasa bakin alƙalamin wuri ɗaya ki ƙirga uku kafin ki ɗaga. Ki juya bayan. Wadda ɗigon nan bai ɓullo ba, gefen zanen kuma ya fita tas, ita za ki saya.

Ko takardar ta yi kyau, gumi da man shafawa na hannunki suna iya ɓata ta. Za ki ga saman shafi lafiya lau, kina zuwa ƙasa inda tafin hannunki ya daɗe yana gogawa sai tawada ta fara tsallake wuri ko ta bazu. Ki riƙa sa wata takarda a ƙarƙashin hannun. Da damina takarda kan sha danshi, don haka ki ajiye ta cikin ledarta a rufe. Da hunturu kuma bakin alƙalami ne ke bushewa da wuri, in kin tsaya tunani ki mayar da murfi.

Tawada ma tana da nata. Pelikan 4001 ba ta cika malala ba, tana rufa wa takarda mai rauni asiri, Parker Quink ma ba laifi. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki zuba tawadar hatimi, ko ta masu zane, ko tawadar allo a cikin wannan alƙalami. Ta allo akwai ƙaro da baƙin gawayi a ciki, suna bushewa su toshe 'yan hanyoyin da tawada ke bi ta sauko, wankewa kuma sai an sha wuya. In kina son amfani da ita, ki fiƙe alƙalamin kara ki riƙa tsomawa, italik yana fita da shi sosai. Bambancin kawai, a yanke bakin a miƙe, ba a karkace kamar na rubutun Larabci ba. Af, takardar ma da malamanmu na Sakkwato da Kano suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19, da yawanta daga Italiya ta zo ta hanyar Sahara, in aka ɗaga ta ga haske ana ganin tambarin jinjirin wata uku a jikinta.

To, sai hannu. Kauri da sirantar da kike sha'awa a jikin haruffan ba dannawa ke kawo su ba. In kina dannawa ki daina, bakin za ki buɗe a banza. Faɗin bakin ne ke yin aikin, ke naki kawai ki riƙe shi a karkace, kusan digiri 45 daga layin rubutu, ki hana shi juyawa a hannunki daga farkon harafi har ƙarshensa. Gwajinsa da sauƙi: ki ja alamar tarawa, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. In kaurinsu ya zo ɗaya, riƙonki daidai ne. Sai ki yi ta jan zigizaga, hawa ya fito siriri kamar gashi, sauka ya fito da cikakken faɗin baki. In kina son ganin abin ƙarara, ki ɗaure fensir biyu da roba ki rubuta manyan haruffa da su, layuka biyun za su nuna miki inda suke haɗewa da inda suke rabuwa.

Tsawon harafi kuma ba da ido ake ƙiyasta shi ba, da bakin alƙalamin ake auna shi. Jikin ƙaramin harafi irin a, n, o faɗin baki biyar ne. Ki kwantar da bakin ki yi 'yan ɗigo biyar kamar matakala, wannan shi ne tsayin, sai ki ja layukanki da rula. Baki mai milimita 1.1, irin ƙaramin bakin alƙalamin Lamy Joy, zai ba ki milimita 5.5, mai 1.5 kuma 7.5. Yawancin masu farawa suna ƙanƙanta rubutu fiye da kima, cikin harafi ya cushe, su ce alƙalami ne. Da ni ce zan zaɓar miki, da babban baki za ki fara, kamar Pilot Parallel mai 2.4 ko 3.8, saboda babban harafi ba ya ɓoye kuskure. 'Yan'uwanmu na Nijar sun huta da jan layi: littattafan makarantarsu masu layin Faransa, wanda ake kira Seyes, manyan layukan tazarar milimita 8 ce, ƙananan kuma 2. Gida ɗaya, wato milimita 8, ya kusa yin daidai da abin da baki mai 1.5 ke buƙata, ƙananan tazara uku sun yi wa mai 1.1. In kina da mai zuwa Maraɗi ko Damagaram ki ba da saƙo, amma shi ma a gwada takardar, don ba duka ne masu kyau ba.

Ki sani wannan rubutu ba don ado aka ƙirƙire shi ba. Masana a Italiya ne suka fito da shi a ƙarni na 15 don kwafe littattafai da sauri, ya zama rubutun magatakardan fadar Fafaroma, har ɗaya daga cikinsu, Ludovico degli Arrighi, ya fitar da ɗan littafin koyar da shi mai ɗauke da shekarar 1522. Saurin nan ne ya sa haruffansa suka tsuke, o ba ta zagaye sosai, kuma suka ɗan jingina dama kaɗan, digiri 5 zuwa 10, ba fiye ba. Abin da ke bambanta shi da rubutun firamare yana wurin n: bayan kin sauko da ƙafar farko, ba daga sama za ki ɗauko baka ba, daga wajen tsakiyar ƙafar zai tsiro siriri ya haura, sannan ya lanƙwaso ya sauko. In n ta zauna, m da h da r da b da p sun zo hannu. In kin kifa n kin sami u, daga nan a da d da g da q. Don haka kada ki bi abacada a jere, ki bi su dangi-dangi. Ki yi ta rubuta mummuna, mumini, hannu, inuwa, kina lura farin da ke cikin harafi ya yi kusan daidai da farin da ke tsakanin haruffa. Wannan daidaiton shi ido ke gani ya ce rubutu ya yi kyau, tun kafin ya duba harafi ɗaya-ɗaya.

Littattafan Turawa ba za su nuna miki ɓ da ɗ da ƙ ba. Yadda nake yi, ina rubuta harafin cikakke, sannan in ƙara ƙugiyar a saman sandar da ɗan gajeren ja zuwa dama, ba tare da na sauya riƙon alƙalami ba. Sai dai a kula: wasu samfuran italik na ado suna lanƙwasa kan b da d da k zuwa dama, wanda a Hausa zai mayar miki da kafa ta koma ƙafa. Ki bar sandunan waɗannan a miƙe, lanƙwasa ta masu ƙugiya ce kaɗai.

Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, kuma ki riƙa sa kwanan wata a kowane shafi kina adanawa. Manyan baƙaƙe ki bar su sai ƙananan sun zauna, su tsayinsu faɗin baki bakwai ne, ba sa kai tsawon sandar h ko l. In kin yi gwajin takardun nan, ki turo mana hoton gaba da baya, tare da layi biyu na n da u, mu ga yadda riƙon yake.