Amsa: Maganin ƙarin ruwan nono yana taɓa hanta?

Wa alaikumus salam ƴar uwa, barka da sauka, Allah ya raya. Kin ce jaririnki sati uku, nono ba ya isarsa, an kawo miki wani haɗi a kwalba daga kasuwar Kejetia ta Kumasi kina tsoron hantarki. Wallahi kin kyauta da kika tambaya.

Hulba dai, da mata ke sha don ƙarin nono, in an sha daidai kima ba a san ta da lalata hanta ba, ni ma na sha ta a jegona na biyu a unguwar Aboabo, sai dai tana iya sa gudawa, tana sauke sugan jini, zufa da fitsari su ɗauki warinta. Zogale ma a miya ko kwaɗo abinci ne.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne kwalbar nan da ba a rubuta abin da ke ciki ba, don akwai kafso irin na ashwagandha (wani tsiron maganin gargajiya na Indiya) da na kurkum mai ƙarfi da aka samu sun ji wa hantar mutane, balle in kina da ciwon hanta na hepatitis B ko kina yawan shan farasitamol. Ki duba lambar rajistar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, a jikin kwalbar, in babu don Allah ki aje ta.

In kin ga idonki ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko ƙaiƙayi, ki daina sha ki tafi asibiti a gwada hanta. Nono kuwa yawan tsotso ke kawo shi, ki riƙa sa shi sau 8 zuwa 12 dare da rana, ki sa nas ta duba yadda yake kamawa ranar awo.