Ɗana Zai Tare a Wani Garin Masunta na Japan: Yaya Zamansa Zai Kasance?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana ya kammala karatu a birnin Sendai na ƙasar Japan, kuma ya samu aiki a wani kamfanin sarrafa kifi a garin Kesennuma, wanda ya ce mini yana bakin teku, nesa da manyan birane. Hankalina bai kwanta ba, domin na ji an ce ruwa ya taɓa cinye garin. Shin akwai asibiti da kasuwa da wurin salla a irin wannan wuri? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa yaron albarka a aikinsa. Kesennuma yana jihar Miyagi ne, a arewa maso gabashin Japan, a gaɓar Tekun Fasifik, kuma mutanensa ba su cika 60,000 ba. Ta fuskar kayan more rayuwa ki kwantar da hankalinki, domin ruwan famfo ana shansa kai tsaye, wutar lantarki ba ta yawan yankewa, akwai babban asibitin gari, kuma tunda inshorar lafiya wajibi ce a kan duk mazaunin ƙasar, kashi 30 cikin 100 na kuɗin magani kawai zai riƙa biya. Motar asibiti kuwa lambar 119 ake kira.

Maganar ruwa gaskiya ce, kuma ba zan rage miki ita ba. Ranar 11 ga Maris, 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.0 a ƙarƙashin teku, kuma ba a cika sa'a guda ba igiyar tsunami ta afka wa garin, ta tumɓuke tankunan mai, wuta ta kama a saman ruwa, mutum fiye da dubu suka rasu ko suka ɓace. Ba wannan ne karon farko ba, domin gaɓar ta ga irin haka a 1896 da 1933 da 1960. Bayan masifar an yi cikon ƙasa an ɗaga wasu unguwanni, an gina katangun tare ruwa, an mayar da gidaje da yawa kan tudu. Duk da haka mutanen yankin ba su dogara da katanga ba. Abin da suke koya wa 'ya'yansu shi ne, da zarar ƙasa ta girgiza da ƙarfi, ko lasifikar gari ta yi gargaɗi, kowa ya nufi tudu da ƙafa nan take, kada ya koma ɗaukar kaya, kada ya tsaya jiran mota, domin a 2011 cunkoson motoci ya riƙe mutane da yawa har ruwa ya cim musu. Saboda haka idan kin yi waya da shi, ki tambaye shi ko gidan da zai kama yana kan tudu, kuma ko ya taka hanyar gudun da ƙafarsa, daga gida da kuma daga wurin aiki. A ganina wannan tambaya ta fi duk sauran muhimmanci.

Inda zai fi jin bambanci da Sendai shi ne zirga-zirga. Layin dogon bakin teku da ruwa ya lalata ba a sake shimfiɗa shi ba, sai aka mayar da wani sashensa hanyar bas ta musamman. Jirgin ƙasan da ya rage shi ne mai zuwa garin Ichinoseki, inda ake hawa jirgi mai gudun gaske zuwa Sendai ko Tokyo. Manyan kantuna sun fi yawa a bakin titi, kuma yawancin magidanta da ƙananan motoci suke hidimarsu, don haka lasisin tuƙi na Japan zai yi masa amfani ƙwarai.

Abinci ba zai gagare shi ba in yana cin kifi, domin garin ya shafe fiye da shekara 20 a jere, har zuwa 2024, yana kan gaba a duk Japan wajen sauke ɗanyen kifin katsuwo, dangin kifin tuna. Naman halal ne ke da wuya, sai dai ya yi oda ta intanet ko ya sayo daga Sendai ya ajiye a firiza, kuma ya ci gaba da duba jikin kowane ƙunshi, saboda ana yawan sanya sinadarin alade ko giyar girki a miya da kayan ciye-ciye. Game da salla, akwai Musulmi 'yan Indonesiya da yawa da ke aiki a jiragen kamun kifi da masana'antun garin, har an buɗe musu ƙaramin wurin salla a 2019. Ya neme su tun makon farko.

Abin da na fi jiye masa shi ne kaɗaici. Kusan mutum huɗu cikin goma a garin sun kai shekara 65, matasa suna tafiya birane, kuma a watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu da rabi, tituna su yi tsit. Tsofaffin nan ba sa jin Turanci, amma suna lura da baƙo: ko yana gaisuwa, ko yana ware shara bisa ƙa'ida ya fitar da ita a ranar da aka tsayar, ko yana fitowa sharar unguwa da atisayen gudun tsunami. Wanda ya kiyaye waɗannan ba ya daɗewa bai samu maƙwabcin da zai nuna masa likita ko ya rage masa hanya ba. Ke kuma, Hajiya, ki tuna cewa agogonsu yana gaban namu da sa'a takwas, saboda haka idan kika kira shi bayan sallar azahar, shi yana shirin kwanciya ne.