Amsoshin Tambayoyinku: Jana'iza a Majami'ar Makabarta a Ingila

Wata baiwar Allah 'yar asalin Kafanchan, mazauniyar Manchester, ta rubuto cewa maigidanta ya rasu, cocinsu kuwa ɗakin haya ne da suke samu ranar Lahadi kaɗai. An ba ta shawarar yin sujadar jana'iza a ƙaramar majami'ar cikin makabarta, amma ba ta san ta inda za ta fara ba.

'Yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki, al'amarin bai kai yadda kike tsoro ba. Da zarar an sanar da ke cewa takardar likita mai bayyana dalilin rasuwar ta kammala, ki je ofishin rajista ki yi rajistar rasuwar cikin kwana 5. A can ake bayar da koriyar takardar izinin binnewa, wadda kamfanin shirya jana'iza yake buƙata, shi ne kuma zai kama miki majami'ar da kabarin a rana ɗaya. Sai dai ki sani lokacin a ƙayyade yake, galibi rabin awa ko minti 45, kuma wani iyalin yana tsaye a bakin ƙofa da tasa gawar. Mu da muka saba da waƙoƙin zumuntar mata, da tarihin mamaci, da wa'azin Fasto, wannan ba zai ishe mu ba, don haka ki biya kuɗin lokaci biyu a jere, ko a bar jawabai sai wurin zaman makoki. Ki kuma tambayi kuɗin kabari tun da wuri, domin ƙananan hukumomi da yawa suna ninka shi ga wanda ba mazaunin yankinsu ba.

Wani kuma daga Landan yana so ya ci bashi ya saya wa yayansa akwatin ƙarfe irin na Amurka, don kada a raina su idan bidiyon jana'izar ya isa gida.

Malam, wannan tambaya ta ɓata mini rai. Wa zai biya bashin, masu kallon bidiyon ko matar da aka bari da marayu da kuɗin haya? Na taɓa raka wani iyali shagon wani kamfanin shirya jana'iza, aka nuna musu akwati mai sheƙi, na kai hannu na ƙwanƙwasa mariƙinsa da ke walƙiya kamar tagulla, ashe roba ce aka shafa wa launi, katakon kuma matsattsen garin katako ne da aka lulluɓe da siririn ɓawo. Ba laifi ba ne sayar da shi, amma mai baƙin ciki ba ya tambaya, duk abin da aka miƙo sai ya sa hannu. Tun watan Satumba na 2021 doka ta wajabta wa waɗannan kamfanoni su liƙa jerin farashinsu a tagar shago da kuma intanet. Ka duba na kamfani uku, ka tafi da wani dattijo wanda hawaye bai rufe masa ido ba, ka soke dogayen motocin rakiya da tulin furanni, kuɗin ya tafi ga karatun yaran.

Wani Musulmi daga Birmingham ya tambaya ko dole ne ya kama majami'ar. Ba dole ba ne, kada ma ka biya. A yi wanka da salla a masallaci, ko a sallaci gawar a filin makabartar, tunda sallar jana'iza ba ta da ruku'u ko sujada.