Shin da gaske ƙaron itace na rage kumburi a jiki?

Ka tambaya ko ƙaron itace yana rage kumburi, kuma ta wace hanya. Amsar ita ce e, wasu nau'o'insa suna yi, amma ba kowane ƙaro ba.

A jikin ƙwayoyin halittarmu akwai wuraren karɓar saƙo, kamar kwaɗo ne da sai makullin da ya dace ke buɗe shi. Ɗaya daga ciki shi ne CB2, wanda ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki. A 2008 masu bincike suka nuna cewa sinadarin beta-caryophyllene, wanda ke da yawa a ƙaron bishiyar kofaiba ta Kudancin Amurka, yana kama CB2. Da zarar ya kama, sai ƙwayar ta rage fitar da sinadaran da ke hura wutar kumburi, irin su TNF-alpha. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya taɓa CB1, wani wurin karɓar saƙo da ya fi yawa a ƙwaƙwalwa wanda kama shi ke jawo maye, don haka ba ya sa maye.

Lubban kuwa, wanda shi ma ƙaron itace ne, hanyarsa daban ce. Sinadarinsa AKBA yana danne wani inzayim (sinadarin da ke hanzarta aiki a jiki) mai suna 5-LOX, wanda ke haɗa sinadaran da ke kumbura gaɓoɓi da hanyoyin numfashi.

Sai dai ka lura, ɗan'uwa: yawancin wannan an gan shi ne a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye, kuma hanji ba ya tsotse AKBA sosai. In kana shan wani magani, musamman na tsinka jini, ka tuntuɓi likita kafin ka haɗa su.