Minshari da na'urar CPAP: amsoshin wasiƙunku

Wata baiwar Allah daga Gwaram ta rubuto: "Maigidana direba ne. Yana minshari har maƙwabta su ji, sai ya yi tsit kamar ba rai, can kuma ya zabura yana haki. Da rana ko a masallaci gyangyaɗi yake. Tsoro ya hana ni barci."

Uwargida, kwantar da hankalinki, abin yana da magani, kuma kin kyauta da kika lura. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da gindin harshe kan saki su toshe hanyar iska, numfashi ya ɗauke daƙiƙa 10 ko fiye, sai ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum ya shaƙa. Shi bai sani ba, amma bai huta ba, kuma hawan jini yakan biyo baya. Ki ɗauki hoton bidiyonsa da waya yana barci, ku kai wa likita a asibitin tarayya na Birnin Kudu ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a nemi a tura shi gwajin barci. Gwajin yana ƙirga sau nawa numfashi ke ɗaukewa ko raguwa a awa guda: 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Kafin nan ya kwanta ta gefe, ya guji maganin barci da tiramadol, ya kuma ajiye doguwar tafiya. Direban da ke gyangyaɗi ba ransa kaɗai ya ɗauko ba.

Wani ɗan kasuwa daga Bichi ya ce likita ya rubuta masa CPAP, na'urar da ke hana numfashi ɗaukewa cikin barci, ƙaninsa kuma ya ga ta gwanjo a rabin kuɗi. Ya saya?

Alhaji, ka riƙe kuɗinka tukuna. Na'urar nan tana hura iska ne ta tiyo zuwa takunkumin hanci, da ƙarfin da zai buɗe maƙogwaro, yawanci tsakanin 4 da 20 a ma'auninta. Ta gwanjo an saita ta ne da maƙogwaron wani Bature da ba ka taɓa gani ba. Idan ƙarfin ya gaza naka, za ka kwana da abu a fuska a banza. Idan ya zarce, ciki ya kumbura da iska, ka jefar da ita cikin mako guda. Sannan a watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, har da DreamStation ta farko, saboda soson da ke rage ƙara a ciki yana rududduɓewa mutum ya shaƙi gutsattsarinsa, kuma zafi da laima suna gaggauta hakan. To ka tuna zafin Afrilu a ɗakin kwano. Mai shago ba zai gaya maka wannan ba, wataƙila shi ma bai sani ba, a kwantena ya tsince ta. Wasu ma na'urar iskar oksijin suke miƙa wa mutane da sunan CPAP, alhali aikinsu daban: waccan tana ƙara oksijin, ba ta buɗe hanyar da ta toshe. Abin da ke ba ni haushi, mutum zai shekara yana tara kuɗi, ya ƙi biyan na gwaji, sannan ya zube su gaban wanda ba ya ba da rasit.

Sabuwa a ƙasashen waje takan kama dala 500 zuwa 1,000, ka auna da canjin yau. Idan dole sai tsohuwa, a kunna a gabanka, a duba awannin da injinta ya yi a allo, a binciki lambarta ko tana cikin waɗanda aka janye, ka kai wa likita ya saita. Takunkumi da tiyo da filta kuwa sababbi, babu ciniki a nan. Ka tambayi inda za ka riƙa samun su, domin robar takunkumi takan saki cikin wata ɗaya zuwa uku, iska ta riƙa zurarewa tana busar da ido. Idan da baki kake numfashi, ka nemi mai rufe hanci da baki.

Wani malamin makaranta daga ƙauyen Ringim ya ce ba su da wutar Nefa sai sola, ko na'urar za ta yi aiki?

Malam, za ta yi. Ka kashe tukunyar ɗumama ruwa da ke jikin na'urar, mai sa wa iskar laima, ita ce mai shan wuta. Ba tare da ita ba, batir mai 12V 100Ah mai lafiya yakan kai dare biyu ko uku. Ka sayi wayar haɗi da batir ta ainihin kamfanin, ta fi inbata tattali, domin na'ura irin AirSense 10 ta kamfanin ResMed 24V take ci. Kada ka kwana da janareta a ɗaki ko bakin taga, hayaƙinsa kisa yake. Lokacin hunturu ka duba filta duk mako, ƙura na toshe ta da wuri. Ƙananan ramukan jikin takunkumi kuma kada a liƙe su da salatif, ta nan iskar da ka fitar take fita.

Mai tambaya ko zai zuba ruwan batir a tukunyar: a'a, wani da asid a ciki. Ka nemi tataccen ruwa a kemis. Na rijiya da burtsatse yana barin farin ɓawo a cikinta. A wanke tukunyar da sabulu, a shanya a inuwa.

Wani kuma daga Kazaure ya ce ɗansa mai shekara 5 yana minshari, ya kira wanzami ya cire beli?

Wannan tambaya ce ko neman rigima? Minsharin yara galibi daga kumburin ƙulli biyu na maƙogwaro ne da naman bayan hanci, askar wanzami ba ta kai can, sai dai ta bar zubar jini da rauni mai ruɓa. Ka kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro a duba shi, kuma kada ka ɗora masa na'urar babba.