Amsoshin Tambayoyinku: Wanne Zan Fara Saya Cikin Faya-fayan Pet Shop Boys?

Tambaya: Na ji "It's a Sin" a rediyo, ta shiga raina ƙwarai. Kuɗina ba za su wuce faifai biyu ba. Abokina ya ce in haɗa su in sayi Smash kawai in huta. Me kike gani?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka fara da Smash. Kundi ne mai kyau, ya fito a 2023 da waƙoƙi 55, amma ga sabon shiga ya yi yawa, kunnenka zai gaji tun kafin ka san su waye Neil Tennant da Chris Lowe, mawaƙan Birtaniya biyu da ake kira Pet Shop Boys. Nemi Discography na 1991. Waƙoƙi 18 ne, kuma duk huɗun da suka hau matsayi na ɗaya a Birtaniya suna ciki: "West End Girls", "It's a Sin", "Always on My Mind" da "Heart". Akwai ma wadda suka yi da Dusty Springfield a 1987.

Na biyun kuwa, ni dai Behaviour na 1990 zan ce maka, ko da wasu za su ja da ni su ce Actually. A birnin Munik na Jamus suka ɗauke shi tare da mai shirya kiɗa Harold Faltermeyer, kuma da gangan suka koma ga tsofaffin na'urorin kiɗa masu taushin sauti. Ba faifan rawa ba ne. Ka saka "Being Boring" da daddare, ka saurari yadda Tennant yake rera ta ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa, yana tuna abokin ƙuruciyarsa da cutar ƙanjamau ta kashe. Lokacin da ta fito matsayi na 20 kawai ta kai a Birtaniya, yau kuwa masoyansu da yawa ita suke sawa a gaba. Wanda bai ji wannan faifan ba, rabin aikinsu ya sani.

Tambaya: Wani a intanet yana sayar da faifan garmaho na "West End Girls" bugun 1984, ya ce shi ne na asali, kuma ya tsawwala kuɗi. In saya?

Amsa: Malama, bai yi ƙarya ba, sai dai a kula. Waƙar sau biyu aka ɗauke ta. Ta farko da mai shirya kiɗa Bobby Orlando suka yi a New York, ta fito a 1984, kiɗanta ya fi kaushi, baitocinta ma ba ɗaya ba ne da na baya. Wadda duniya ta sani ita ce suka sake da Stephen Hague bayan sun shiga kamfanin Parlophone, ta fito ƙarshen 1985, ta zama ta ɗaya a Birtaniya da Amurka a 1986. Idan tara kayan tarihi kike yi, to bismilla, amma ki sa ya turo hoton tambarin tsakiyar faifan, ki ga sunan Orlando, ki kuma nemi bidiyon faifan yana juyawa don ki ji ko yana ƙarce. Idan waƙar da kike ji a rediyo kike so, tana cikin faifansu na farko mai suna Please, kuma kuɗinsa bai kai haka ba.

Tambaya: Sun tsufa, ko akwai abin saye a aikinsu na baya-bayan nan?

Amsa: Akwai. Electric na 2013, da Stuart Price ya shirya, kiɗan rawa ne zalla, kuma shi ne na farko da suka fitar a kamfaninsu, x2. Nonetheless na 2024 ya fi sanyi, da goge irin na Turawa a bayan kiɗan. Saurare su a waya tukuna kafin ka sa kuɗinka, don ba kowa ne zai so su biyun ba.